Tambaya da Amsa: Gyaran Launin Dodon Hoto a Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu mun tarar da wani tsohon akwatin ƙarfe a ɗakinsa cike da dodon hoto, wato fim ɗin kyamara da ake wanke hotuna daga shi, yawancinsa na shekarun 1980, akwai na bikin aure, akwai na hawan Sallah, akwai na ranar da ya dawo daga aikin Hajji. Hotunan da aka wanke a wancan lokaci kusan duk sun ɓace, waɗanda suka rage kuma ruwa ya ci su. Na ari sikana mai fitila a murfinta, na shigar da dodon cikin kwamfuta, na juya shi a manhajar Photoshop, sai kowane hoto ya fito shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Shin fim ɗin ne ya lalace saboda daɗewa, ko kuwa ni ne ban san aikin ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ka kwantar da hankalinka, Malam, domin shuɗin da ka gani ba alamar lalacewa ba ne, kuma ko sabon fim aka wanke jiya aka juya shi yadda ka yi, haka zai fito.

Ka ɗaga ɗaya daga cikin dodon ka duba shi a hasken taga, ka lura da gefensa da kuma 'yar tazarar da ke tsakanin hoto da hoto, inda haske bai taɓa ba ko kaɗan. Za ka ga wurin ba garai yake kamar gilashi ba, launin ruwan goro ne da shi. Da gangan aka yi shi haka. Fim mai launi yana da shimfiɗa uku a jikinsa, ɗaya tana jin hasken shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja, kuma idan aka wanke shi kowacce tana fitar da rini mai kishiyantar hasken da ta ji: ta shuɗi tana ba da rawaya, ta kore tana ba da majenta, wato jan da ke da sirkin shunayya, ta ja kuma tana ba da shuɗi mai sirkin kore. Matsalar ita ce rinin majenta da na shuɗi-koren ba su da tsarki, suna shanye wani ɓangare na hasken da bai kamata su taɓa ba, abin da ke sa launi ya dushe a kan takarda. Kamfanin Kodak, wanda ya fitar da fim ɗin Kodacolor a 1942, shi ne ya samo maganin wannan a cikin shekarun da suka biyo baya, ta hanyar sa wa sinadaran da ke haifar da rinin wani launi nasu na kansu, ta yadda duk inda rini ya yi yawa wannan launi zai ragu, inda rini ya yi kaɗan kuma ya ƙaru, sai kuskuren ya zama bai ɗaya a ko'ina cikin hoton. Wannan shi ne lulluɓin ruwan goro da kake gani. Injin wanke hoto da takardarsa an ƙera su ne da sanin cewa lulluɓin yana nan, don haka suna cire shi ba tare da kowa ya lura ba. Umarnin juyawa na Photoshop kuwa, wanda aka rubuta wa suna Invert, bai san da shi ba, aikinsa kawai ya mayar da kowane launi kishiyarsa, kuma kishiyar ruwan goro ita ce shuɗi.

Abin da mutane da yawa ke yi a nan shi ne su kama maɓallin ɗumama launi su yi ta ja har shuɗin ya ragu. Ba na ba ka wannan shawara, domin za ka gyara fuska sama ta ɓaci, ka gyara sama inuwa ta koma kore. Aikin yana farawa ne tun daga sikana, don haka ina roƙon ka sake ɗaukar hotunan daga farko, ko da kuwa ka riga ka ɓata kwanaki a kan na baya.

Ka gaya wa manhajar sikanar cewa abin da ka sa mata fim ne mai launin da bai juye ba, ba dodo ba, don kada ta juya maka shi da kanta. Ka kashe duk wani gyara da take yi ba da izininka ba, na haske da na launi da na ƙara kaifi. Ka faɗaɗa iyakar abin da za ta ɗauka har ya haɗa da ɗan gefen fim mai ruwan goro, domin za ka buƙace shi nan gaba. Sannan ka zaɓi zurfin launi na bit 48, wato bit 16 ga kowane launi, ka ajiye fayil ɗin a tsarin TIFF, kada ka ajiye shi a JPEG. Wannan batu na bit ba ƙawa ba ce. Bit 8 yana ba kowane launi matakan haske 256 kacal, bit 16 kuma yana ba da 65,536. Dodon hoto an yi shi ne da ƙarancin bambanci tsakanin haske da duhu, domin takardar da za a buga shi a kai ita ce ke ƙara masa ƙarfi, saboda haka bayanan hoton sukan takure a wani ɗan yanki na ma'aunin. Idan misali shuɗi ya mamaye sulusin matakai 256, matakai kusan 85 ke nan za ka miƙe su cika dukkan ma'aunin, kuma sakamakon shi ne sararin sama mai zane-zane kamar matakalar bene maimakon ya tafi sumul. Game da yawan ɗigo, hoto ɗaya na fim mai faɗin milimita 35 girmansa milimita 24 ne da 36, kuma idan ka ɗauke shi a ɗigo 2400 cikin kowane inci za ka sami kusan ɗigo 3400 a tsawo da 2270 a faɗi, wanda ya isa a buga hoton da za a rataya a bango.

Idan ka buɗe fayil ɗin a Photoshop, kafin ka juya komai, ka buɗe ma'aunin haske mai suna Levels. A cikinsa akwai 'yan alamu uku masu kama da abin ɗiga maganin ido. Ka ɗauki na fari, ka taɓa gefen fim ɗin nan mai ruwan goro. Nan take wurin zai koma fari, lulluɓin kuma ya kau daga dukkan hoton. Hikimar ita ce, wurin da haske bai taɓa ba a fim shi ne ya kamata ya zama baƙi ƙirin a hoton ƙarshe, to idan ka mayar da shi fari yanzu, juyawa za ta mayar da shi baƙi marar sirki. Akwai wata hanya da ke kaiwa ga wuri guda, ita ce ka ɗebi launin gefen, ka cika sabuwar shimfiɗar Photoshop, wato Layer, da shi, ka sa mata tsarin haɗawa mai suna Divide. Ka ɗauki wadda ta fi maka sauƙi. Bayan haka sai ka juya hoton, ka yanke gefen da ramukan fim ɗin gaba ɗaya, domin idan ka bar su za su ruɗa ma'aunin a mataki na gaba.

Kada ka yi mamaki idan hoton har yanzu ya fito a dushe, da ɗan sauran shuɗi a wurare masu haske. Shimfiɗu ukun nan na jikin fim ba su da ƙarfi ɗaya, kowacce da yadda take amsa haske, don haka cire lulluɓi ya daidaita duhu ne kawai, bai daidaita haske ba. A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan nake so ka fi ba da lokacinka. Ka sake buɗe Levels, amma maimakon ka bar shi a kan launukan uku a haɗe, ka zaɓi ja shi kaɗai. Za ka ga wani zane mai kama da tudu, wanda ke nuna yawan ɗigon da ke kowane matakin haske, da fili fayau a hagunsa ko damansa ko duka biyun. Ka jawo alamar baƙi da ke hagu har gindin tudun, ka jawo ta fari da ke dama har ɗaya gindin. Idan ka danne maɓallin Alt kana ja, allon zai nuna maka daidai inda hoton ya fara ƙonewa, sai ka tsaya kafin nan, ka ma ɗan ja da baya. Ka maimaita wa kore, ka maimaita wa shuɗi. Sau da yawa da ka gama na ukun za ka ga hoton ya buɗe, rawani ya koma fari, doki ya koma launinsa. Sai dai wannan dabara tana ɗaukar cewa akwai abu baƙi da abu fari a cikin hoton. Idan hoton na faɗuwar rana ne, ko na amarya ce ta cika shi da jan lulluɓi, kada ka matsa wa launukan su cika ma'aunin, ka aro lambobin daga wani hoto na fim ɗin da aka ɗauka a haske iri ɗaya.

Abin da ya rage shi ne tsaka-tsakin haske, inda fuskokin mutane suke. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya a ranka: ja kishiyar shuɗi-kore ne, kore kishiyar majenta, shuɗi kishiyar rawaya. A cikin kayan aiki mai suna Curves, inda kowane launi ke da layin da ake lanƙwasawa, idan ka sauke tsakiyar layin shuɗi ka ƙara rawaya ke nan, idan ka sauke na kore ka ƙara majenta, idan ka sauke na ja ka ƙara shuɗi-kore. Ka nemi abin da ka san toka-toka ne a cikin hoton, kamar kwalta ko daɓen siminti ko kwanon rufi, ka ɗora alamar linzamin a kansa ka karanta lambobin ja da kore da shuɗi a akwatin bayani. Idan sun yi kusa da juna, ka isa. Ka riƙa motsa layin kaɗan-kaɗan, domin abin da ke raba fuska mai rai da fuska mai kama da ta marar lafiya bai wuce matakai uku ko huɗu ba.

Tun da fim ɗinka ya haura shekara talatin a akwatin ƙarfe, cikin zafin bazara da laimar damina, mai yiwuwa ka ci karo da hotunan da inuwarsu ta karkata zuwa wani launi, haskensu kuma zuwa kishiyarsa. Rinin uku ba sa koɗewa tare, wani yana riga wani. Wani lokaci ma tun ranar wanki matsalar ta samo asali, domin tsarin wanke fim mai launi da ake kira C-41, wanda Kodak ya kawo a 1972, yana buƙatar ruwan wanki ya tsaya a digiri 37.8 na ma'aunin salshiyos na tsawon minti uku da daƙiƙa goma sha biyar, kuma idan zafin ya kauce ko sinadarin ya gaji, shimfiɗu ukun ba sa nuna daidai. Maganin wannan shi ne ka kafa ɗigo biyu ko uku a kan layin launin da abin ya shafa, ka gyara ɓangaren inuwa daban, na haske daban. Ka yi duk waɗannan gyare-gyare a kan shimfiɗun gyara da ake iya kashewa da kunnawa, ka bar fayil ɗin farko mai ruwan goro yadda yake a wuri biyu, domin hannunka zai ƙware, kuma wata rana za ka so ka koma kan hoton mahaifinka ka yi masa aikin da ya fi na yau.

Tambaya: Na bi matakan juyawa hotunan sun fito, amma fuskar mahaifiyata wani lokaci tana yin toka-toka, wani lokaci ta yi ja, farar rigar mahaifina kuma idan na mayar da ita fara sosai sai komai ya koma rawaya. Yaya zan san launin gaskiya? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, wannan tambaya ta fi ta farko wuya, kuma ta fi shafar mu. Farar rigar Baba ita ce ta yaudare ki. Farar shadda da aka wanke aka sa mata bula ba fara ce tsantsa ba, da ɗan shuɗi a jikinta, kuma idan mai ita yana tsaye a inuwa, hasken da ke sauka a kansa daga shuɗin sama yake zuwa, sai shuɗin ya ƙaru. Da zarar kin umarci kwamfuta ta mayar da rigar fara fat, za ta cire shuɗi daga ko'ina, kuma duk inda aka cire shuɗi rawaya ce ke maye gurbinsa. Ki bar wa rigar ɗan sanyinta, ki nemi ma'auninki a wani abu, ko ki yi amfani da fuskar kanta.

Fatar ɗan Adam, baƙa ko fara, a hasken rana lambar ja ce ke kan gaba a cikinta, kore na biye, shuɗi na ƙarshe. Idan kin auna kunci ko goshi, ban da inda yake ƙyalli, kika ga lambobin uku sun kusan haɗuwa, to fuskar ta yi toka, sai ki ɗan ɗaga ja ki sauke shuɗi a ɓangaren inuwa na layin, domin fatarmu a can take zama, ba a tsakiya ba. Idan ja ya yi wa kore nisa ƙwarai, ita ce fuskar da ke yin ja, sai ki ɗan ɗaga kore. Ga haske kuma, kada ki haskaka hoton duka don fuska ta fito, rigar za ta ƙone aikin zaren da ke wuyanta ya ɓace. Ki kafa ɗigo a saman layin ki riƙe farin, ki ɗaga ƙasan kaɗan. Abin farin ciki shi ne dodon hoto yana da haƙuri da yawan haske, don haka zanen rigar galibi yana nan a cikin fim, ko da bai taɓa fitowa a takarda ba.

Ya kamata ki san cewa wannan matsala tana da tarihi. Shekaru da dama Kodak yana raba wa wuraren wanke hoto wani katin gwaji da ake daidaita injin da shi, mai ɗauke da hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta wallafa bincike a kan haka a 2009. Ƙari a kan wannan, injinan wanke hoto masu sarrafa kansu sukan ɗauka cewa idan aka cakuɗa launukan kowane hoto toka-toka za a samu, sai su yi gyara a kan wannan zato. Saboda haka ko kin sami tsohon hoton da aka wanke a takarda, kada ki ɗauke shi a matsayin alƙali, fassarar inji ce da ta mai injin a ranar, ita ma takardar ta koɗe. A ra'ayina babu ma'aunin da ya kai idon wanda ya san Mama. Ki nuna wa yayyenki ko ƙannenta hoton, idan suka ce ita ce, kin yi daidai, idan suka yi shiru suna kallo, akwai sauran aiki.

Ki kuma lura da fitilar da aka ɗauki hoton a ƙarƙashinta. Fim ɗin da aka saba sayarwa an daidaita shi ne da hasken rana, don haka ƙwan lantarki mai zare yana sa hoto ya yi ruwan goro, doguwar fitila mai bututu kuma tana sa shi ya yi kore. Koren ki cire shi gaba ɗaya, ba ya yi wa kowace fuska kyau. Ɗumin ƙwan lantarki kuwa ki rage shi kawai, ki bar kaɗan, domin haka ɗakin yake a daren. Kafin duk wannan ki kashe tsarin da ke ɗumama allo da dare, ki zauna inda rana ba ta dukan allon, ki riƙa tashi kina hutar da ido, domin ido yana sabawa da gurɓataccen launi cikin mintuna kaɗan har ya ɗauke shi daidai.

Tambaya: Ina aiki a shagon ɗaukar hoto, maigidana yana da fim sama da ɗari. Ba mu da kuɗin Photoshop, kuma ƙura ta cika hotunan da ɗigo-ɗigo. Akwai hanya mai sauri? Daga wani matashi a Jos.

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Manhajar GIMP kyauta ce, kuma tun fitowarta ta 2.10 a 2018 tana aiki da bit 16, tana da Levels da Curves, don haka duk abin da na bayyana a sama za ka iya yi da ita. Ga aiki mai yawa irin naku na fi son darktable, ita ma kyauta, wadda tun 2020 take da sashe na musamman mai suna negadoctor, inda za ka nuna mata gefen fim ta cire lulluɓin da kanta. RawTherapee ma tana da irinsa. Sirrin sauri shi ne ku ware fim ɗin kashi-kashi bisa sunan da ke rubuce a gefensa, Kodak ko Fuji ko Agfa ko Konica, domin lulluɓin kowanne ya bambanta. Ka gyara hoto ɗaya da kyau a kowane naɗi, ka kwafi saitinsa ka ɗora wa sauran, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙananan gyare-gyare.

Ƙura kuwa gara a hana ta da a goge ta a kwamfuta, musamman a lokacin hunturu. Ku riƙe fim ta gefensa, ku hure shi da 'yar robar hura iska, kada ku busa da baki, kada ku goge da gefen riga. Wasu sikanoni, irin su Epson V600, suna da tsarin Digital ICE da ke gano ƙura ta hanyar hasken da ido ba ya gani ya cike gurbinta, kuma yana aiki sosai a kan fim mai launi. Ku kashe shi idan kun zo kan fim baƙi da fari na gargajiya, domin azurfar da ke jikinsa tana tare wannan haske, sai injin ya ɗauki hoton kansa a matsayin ƙura ya ɓata shi. Duk naɗin da kuka ji yana warin tsami irin na binega, jikin fim ɗin ne ya fara ruɓewa, ku ware shi daga sauran, kuma da shi za ku fara aikin.